William L. Dawson: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwarsa, Kiɗansa da Koyarwarsa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suke yawan fitowa daga ɗaliban kiɗa, da masu koyar da kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, da waɗanda suka ci karo da simfoninsa a intanet suna son ƙarin bayani. Na farko-farkon sun shafi mutumin da tarihinsa. Na can ƙasa kuma na masu riƙe da takardun waƙoƙinsa ne a hannu, suna shirin koyar da su.

1. Wane ne William Dawson?

William Levi Dawson Baƙar fatan Amurka ne, mai tsara kiɗa, malami, kuma jagoran kwaya. An haife shi ranar 26 ga Satumba, 1899, a garin Anniston na jihar Alabama, ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1990, a Montgomery, babban birnin jihar. Da abu biyu aka san shi. Na farko, tsofaffin waƙoƙin addini na bayin Amurka da ya tsara wa kwaya, waɗanda har gobe ake rerawa a makarantu da majami'u. Na biyu, simfoni, wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, guda ɗaya tak, Negro Folk Symphony, wadda aka fara kaɗawa a 1934. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekara kusan 25 da ya yi yana jagorancin kwayar makarantar Tuskegee, kuma a can ne yawancin aikinsa ya nuna.

2. Yaya aka yi ɗan talaka daga Alabama ya sami karatun kiɗa a wancan zamani?

Gudu ya yi daga gida. Shi ne babba a cikin 'ya'ya bakwai, kuma mahaifinsa, wanda leburanci yake yi, ya fi son yaron ya kama sana'a da ya zauna a aji. An kai shi koyon gyaran takalmi. Yana ɗan shekara 13 ya sayar da kekensa, ya shiga jirgin ƙasa zuwa Tuskegee, makarantar da Booker T. Washington ya kafa wa Baƙar fata a 1881.

Tsarin makarantar shi ne ɗalibin da ba shi da kuɗi ya biya da guminsa. Dawson ya yi aiki a gonar makaranta, ya kula da ɗakin ajiye takardun kiɗa, ya shiga badujala da kwaya. A nan ya taɓa kusan kowane abin busa da ke ɗakin, kafin ya tsaya a kan tirombon, wato doguwar kakakin tagulla da ake ja ana turawa don sauya sauti. Ya gama a 1921. Wannan zama cikin 'yan badujala shi ya sa daga baya rubutunsa na kayan busa ba ya wahalar da makaɗa: ya san abin da leɓe da numfashi za su iya, tun daga ciki.

3. Ina ya ƙaro karatu bayan Tuskegee?

Ya fara koyarwa a Topeka ta jihar Kansas, sannan a sakandaren Lincoln da ke Kansas City. Yana koyarwa yana karatu a Horner Institute of Fine Arts, inda ya sami digirin farko a 1925. Makarantar ta Farar fata ce. Ranar bikin yaye ɗalibai an kaɗa wani kiɗa da ya rubuta wa makaɗa uku, amma shi ba a bar shi ya hau dandamali tare da 'yan ajinsa ba.

Daga nan sai Shikago. Ya yi digiri na biyu a American Conservatory of Music, ya gama a 1927, kuma daga 1926 zuwa 1930 shi ne babban mai busa tirombon a Civic Orchestra ta birnin. Kada a raina wannan kujera. Mai tirombon yakan daɗe a zaune yana ƙirga bugu kafin lokacinsa ya zo, yana jin yadda manyan marubuta suka raba aiki tsakanin goge da busa, mako bayan mako. A Shikago ya fara simfoninsa. A can kuma matarsa ta farko, Cornella Lampton, mai kaɗa fiyano, ta rasu a 1928, ba a daɗe da ɗaura aurensu ba.

4. Me ya yi a Tuskegee da har ake ƙirga shi cikin manyan malaman kiɗa?

Shugaban makarantar, Robert Russa Moton, ya kira shi ya dawo ya kafa sashen kiɗa, ya kuma kama aiki a 1931. Ɗaliban da ya tarar yawancinsu noma, gini, ɗinki da koyarwa suka zo koya. Cikin ƙasa da shekara biyu ya mayar da su kwaya mai murya kusan 100 da aka gayyata ta yi waƙa a bikin buɗe Radio City Music Hall a New York, ranar 27 ga Disamba, 1932. Sun yi makonni a can. Sun rera wa Shugaban Amurka Hoover, sun rera wa magajinsa Roosevelt, sun yi ta fitowa a rediyon ƙasa. A 1946 suka yi waƙa a zauren Constitution Hall na Washinton, zauren da aka hana mawaƙiya Marian Anderson hawa a 1939 saboda launin fatarta.

An san shi da tsanani a wurin gwaji. Ba ya wuce jimla sai ta zauna, kuma ba ya yarda a ce waƙar gargajiya ce, saboda haka kowa ya yi yadda ya ji. Abin da ya sa tsare-tsarensa suke zama daram a bakin mawaƙa shi ne an gwada su a kan mutane na gaske kafin a buga su: idan wuri ya gagari ɗalibai, a gabansa ya gagara. Ya bar aikin a 1955. Shekara guda bayan haka Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta tura shi Sifen don ya horar da kwayoyi, sannan ya ci gaba da zagayawa yana jagorancin tarukan mawaƙa na makarantu har tsufansa.

5. Shi ya ƙirƙiri waƙoƙin da ake dangantawa da shi?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Karin waƙar da baitocinta na bayi ne da ba a san sunayensu ba, waɗanda suka rera su a gonakin auduga da wuraren ibada kafin a soke bauta a 1865. Tsarinsu na bayarwa da amshi ne: mutum ɗaya ya ja, jama'a su amsa. Labaransu daga Littafi Mai Tsarki suke, musamman inda ake maganar fita daga ƙangi. Mawaƙan jami'ar Fisk ne suka fara fitar da su zuwa manyan zauruka daga 1871.

Aikin Dawson shi ne tsarawa. Yakan ɗauki kari guda, ya raba shi ga muryoyi huɗu ko fiye, ya rubuta inda za a yi ƙasa-ƙasa da inda za a buɗe murya, ya gina gabatarwa da rufewa. Inda ya sha bamban da waɗanda suka gabace shi shi ne bai tsaya ga jera muryoyi a ƙarƙashin kari irin na littafin waƙoƙin majami'a ba. Yana sa muryoyin su yi wa juna amshi, wasu su riƙe gajeren bugu mai maimaituwa, wasu su bi ta sama. Mai kallon takardar zai ga hannun wanda ya saba rubuta wa okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa. Sanannun sun haɗa da King Jesus Is a-Listening na 1925, Soon Ah Will Be Done na 1934, Ain'-a That Good News na 1937, There Is a Balm in Gilead na 1939, Ezekiel Saw de Wheel na 1942, da Ev'ry Time I Feel the Spirit na 1946. Yadda za a zaɓa a cikinsu yana tambaya ta 12.

6. Mece ce simfoni, kuma me ya bambanta tasa?

Simfoni dogon kiɗa ne ba da baki ba, wanda ake rubuta wa babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestra, mai mutum 70 zuwa 90 ko fiye. A al'ada kashi huɗu take da shi. Ta Dawson kashi uku ce, tana ɗaukar minti 30 zuwa 35.

Tun a 1893 Antonín Dvořák, mutumin ƙasar Cek da ke koyarwa a New York a lokacin, ya ce makomar kiɗan Amurka tana cikin waƙoƙin Baƙar fata. Marubuta da yawa sun bi wannan magana ta hanya mai sauƙi: su ɗauko waƙa sukutum, su yi mata ado da goge, su wuce ta gaba. Dawson bai yi haka ba. Yakan yanko ɗan guntu daga waƙa, sauti huɗu ko biyar, ya juya shi, ya gajarta, ya tsawaita, ya miƙa daga wannan abin kiɗa zuwa wancan. Wanda ya san waƙar zai tsinkayo ta, wanda bai sani ba ba zai ji an ɗinka wani abu daga waje ba. Burinsa, kamar yadda ya bayyana, shi ne duk wanda ya ji ya gane cewa Baƙar fata ne ya rubuta ta.

7. Me ya kamata in kasa kunne in ji a kowane kashi?

Kashi na farko sunansa The Bond of Africa, wato igiyar da ta ɗaure su da Afirka. Da buɗewa ƙahon tagulla guda ɗaya yake busa ɗan gajeren kari shi kaɗai. Ka riƙe shi da kyau, domin shi ne zaren da aka saƙa dukan simfonin da shi, yana dawowa a kowane kashi da sabuwar kama. Dawson ya ce yana wakiltar mahaɗin da aka cire daga sarƙar 'yan Adam ranar da aka ɗauke ɗan Afirka na farko daga gaɓar ƙasarsa zuwa bauta. Karin yana kan ma'aunin sauti biyar, wanda kunnen da ya tashi da kiɗan gargajiyar Afirka ta Yamma ba zai ji shi baƙo ba. Bayan gabatarwa mai nauyi sai kiɗan ya ɗauki gudu, sannan obo, abin busa mai bakin kara biyu irin na algaita, ya shigo da guntun wata tsohuwar waƙa.

Kashi na biyu, Hope in the Night, wato fata a cikin dare, shi ne zuciyar aikin. Ana buɗe shi da bugun babban farantin tagulla sau uku, alamar Triniti a aƙidar Kirista. Daga nan goge suna tsinkar tsirkiya da yatsa a hankali, taki bayan taki, tafiyar mutanen da suka gaji, yayin da babban ɗan'uwan obo mai zurfin murya yake jan kari a sama. A tsakiya yanayin yakan sauya ya zama wasan yara, waɗanda ba su san abin da ke jiransu ba. Wasan ba ya daɗewa. Nauyin yana dawowa da ƙararrawa, kuma kashin yana ƙarewa da goge suna rawar sauti, suna kumbura suna sacewa, ganga na bugawa a ƙarƙashi. Idan lokacinka kaɗan ne, wannan kashin za ka fara ji.

Na uku ya ɗauki sunansa daga waƙar O Le' Me Shine, roƙon mutum ya haskaka kamar tauraron asuba. Waƙoƙi biyu aka sarrafa a ciki, yana da gudu, kuma a nan kayan bugu suka fi samun aiki, musamman bayan gyaran da aka yi bayani a tambaya ta 9.

8. Yaya aka karɓe ta, kuma me ya sa ta ɓace?

Leopold Stokowski ne ya jagoranci Okestrar Filadelfiya suka kaɗa ta a watan Nuwamba na 1934, sau uku a Filadelfiya, sannan a Carnegie Hall na New York ranar 20 ga watan. An watsa ɗaya daga ciki a rediyon CBS. Al'adar zauren ita ce ba a tafi sai an gama simfoni baki ɗaya, amma jama'a suka ɓarke da tafi bayan kashi na biyu, kuma a ƙarshe an yi ta kiran Dawson ya fito. Masu sharhi a jaridu sun yaba ƙwarai.

Bayan 'yan kaɗe-kaɗe kaɗan sai shiru na kusan shekara 30. Dalilan sun haɗu ne. Ba a buga takardun ba a lokacin, kuma okestra ba ta kaɗa abin da ba ta da shi: kowane makaɗi yana buƙatar nasa shafin, ga babban kundin jagora, duk kuwa da hannu ake kwafa. Wariyar launin fata ta sa manyan okestroci suna ɗaukar aikin Baƙar fata abin yi sau ɗaya don a ce an yi. Shi kansa ya koma ƙauyen Alabama, nesa da inda ake yanke shawarar abin da za a kaɗa, da nauyin aji da kwaya a kansa, ga matsin tattalin arzikin shekarun 1930. Bai sake rubuta wata simfoni ba. Wanda ya saurari wannan ɗin zai ga girman asarar, domin simfonin farko ce ta mutum ɗan shekara 35.

9. Da gaske ya zo Afirka ta Yamma?

Ya zo. Tsakanin 1952 da 1953 ya ɗauki hutun bincike ya zagaya ƙasashe da dama na yankin, ciki har da Najeriya da ƙasar da ake kira Ghana a yau, ɗauke da rikoda mai tef yana naɗar kiɗa. Da ya koma sai ya buɗe simfonin ya sake mata aiki. Bai rushe gininta ba. Abin da ya taɓa shi ne bugu: ya ƙarfafa sashen masu ganga, ya sa buguna daban-daban suna tafiya a lokaci guda suna gogar juna, ya ƙara kayan da okestrar Turai ba ta saba da su ba, ciki har da ƙararrawar ƙarfe ta mutanen Akan, wadda takardar ta kira adawura. Duk faifan da za ka samu a yau wannan gyararren ne. A takardun shiri galibi za ka ga an rubuta 1934 tare da 1952.

10. Mece ce alaƙarsa da William Grant Still da Florence Price?

Su ukun ake ambata tare saboda cikin shekara huɗu manyan okestrocin Amurka suka kaɗa simfonin kowannensu: na Still a Rochester a 1931, na Price a Shikago a 1933, na Dawson a 1934. Still ya jingina da kiɗan bulus (blues) na Baƙar fatan Amurka. Price ta sa juba, wata tsohuwar rawar bayin Amurka, a kashinta na uku. Dawson ya tsaya kan waƙoƙin addini, kuma nasa ya fi na sauran duhu da tsananin saƙa. Still da Price sun rubuta simfoni fiye da ɗaya, shi kuwa ya tsaya a guda, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 8.

11. Kalmar Negro da ke sunan simfonin ba zagi ba ce?

A zamaninsa ita ce kalmar girmamawa da Baƙar fata masu ilimi suke kiran kansu da ita. Yau ta tsufa, ba a kiran mutum da ita, amma sunan aiki ba a sauya shi. Dawson da kansa ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarsa.

12. Kwayarmu na son gwada aikinsa. Da wanne za mu fara?

Ku fara da Ev'ry Time I Feel the Spirit ko Ain'-a That Good News. Tsarinsu na bayarwa da amshi a fili yake, muryoyin ba su rarrabu da yawa ba, kuma ta farkon tana buƙatar namiji ɗaya mai matsakaiciyar murya da zai ja baiti. Bayan su sai There Is a Balm in Gilead, wadda ta samo hotonta daga Irmiya 8:22. Ba ta da gudu, amma kada hakan ya ruɗe ku: dogayen jimloli ne da ke neman numfashi, da mace mai siririyar murya da za ta iya riƙe sauti a sama ba rawa.

Soon Ah Will Be Done tana zuwa ta huɗu. Wahalarta ita ce a yi gudu da murya ƙasa-ƙasa ba tare da kalmomi sun narke ba. Ezekiel Saw de Wheel, wadda ke ba da labarin ƙafafun keken da Annabi Ezekiyel ya gani a wahayi, a bar ta sai ƙarshe. Kusa da rufewa muryoyin suna rarrabuwa zuwa rukunoni da yawa, kowanne na maimaita nasa gajeren bugu, har a ji kamar ƙafar keke na juyawa cikin wata. Kwayar da ba ta kai mutum 30 masu tsayuwa da ƙafarsu ba za ta sha wuya a wurin. Da yawa daga waƙoƙin akwai tsari na maza zalla da na mata zalla, saboda haka a duba wanda ya dace kafin a saya.

13. Yaya za a raba muryoyi, kuma yaya za a tsara gwaji?

A kwaya mai mutum 40, rabon da ke aiki shi ne kamar sofrano (siririyar muryar mata) 12, alto (muryar mata mai kauri) 10, tena (muryar maza ta sama) 8, bes (muryar maza mafi kauri) 10. Abin lura shi ne bes. Waƙoƙin nan ba kayan kiɗa ake rera yawancinsu, saboda haka bes ne ƙasan da kowa ya taka. Idan maza sun yi kaɗan, gara a rage sofrano da a sa tena su yi ihu.

A gwaji, a fara da bugu kafin sauti. Kowa ya faɗi kalmomin da baki a kan bugu, ana taɓa cinya da yatsa, a rabin saurin da ake so. Sai kowane rukuni ya koyi layinsa da solfa, wato do-re-mi, shi kaɗai. Sai a haɗa bibbiyu, bes da sofrano tukuna, domin su ne gefe da gefe, sannan alto da tena. Bayan an haɗa duka ne ake ƙara sauri, kaɗan-kaɗan, bugu huɗu zuwa shida a minti a kowane zagaye, da manhajar ƙirga bugu a waya. Alamomin ƙarfi da laushi kuma tun ranar farko ake koyon su tare da sautin. Kwayar da ta haddace waƙa da ƙarfi ɗaya ba ta komawa ta yi laushi daga baya, sai da wahala mai yawa.

14. Me ya fi lalacewa, kuma me ke jawo shi?

Na farko, saukar sauti. A fara waƙa a wuri ɗaya, a ƙare rabin mataki ko fiye a ƙasa. Abu uku ke kawo shi: numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare, mawaƙa suna faɗaɗa taki idan kari na gangarowa, sannan sautin da ake maimaitawa sau da yawa yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan. Maganinsa a rubuta wurin shan numfashi a takarda, a raba shi tsakanin maƙwabta a dogayen jimloli, a kuma tsaya a ƙarshen kowane baiti a gwada da fiyano ko madannin kiɗa don a gano ainihin inda aka fara zamewa. Sau da yawa wuri ɗaya ne, kuma rukuni ɗaya.

Na biyu, gudu. Dawson yana yawan sa nauyin kalma a tsakanin bugu biyu. Mawaƙin da bai ji bugun a jikinsa ba yakan riga lokaci, na kusa da shi ya bi shi, kafin baiti na biyu waƙar ta tsere wa jagora. A koma matakin farko na tambaya ta 13.

Na uku shi ne ƙari. Wanda ya saba da waƙoƙin bishara na zamani zai so ya sa jita, ganga, tafi da kwalliyar murya. Waɗannan tsare-tsare ba a gina su don haka ba. Bugun yana cikin baƙaƙen kalmomin, kuma da zarar ganga ta shiga sai ta rufe wuraren laushi, waɗanda su ne rabin armashin. Dawson ya rubuta maƙala a mujallar Etude a 1955 kan yadda ya kamata a rera waɗannan waƙoƙi, kuma jigonta shi ne a ɗauke su da nauyin da suka cancanta, a matsayin addu'ar mutanen da ke cikin ƙunci.

15. Turancin da ke takardar ba irin na makaranta ba ne. A gyara shi?

Kada a gyara. An rubuta shi yadda masu waƙar suke furtawa, kuma kari ya zauna ne a kan wannan furucin. Inda aka sa harafin d a madadin th, ko aka yar da baƙin ƙarshen kalma, an yi ne don wasali ya buɗe, gaɓa ta yi sauƙi a kan gudu. Idan aka mayar da shi Turancin littafi, gaɓoɓi sukan yi nauyi, bugun ya yi tuntuɓe. Haka kuma kada a zaƙe har ya zama kwaikwayo na ban dariya. A furta shi da sauƙi, a daidaita wasula tsakanin rukunoni, shi ke nan.

16. Za a iya mayar da su Hausa? Kuma ya batun izini?

Ana iyawa, amma akwai tarko biyu. Hausa tana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, saboda haka idan doguwar gaɓa ta faɗa kan gajeren sauti, ko gajeriya kan dogo, kalmar takan karye a kunne. Karin harshe kuma yana iya cin karo da hawa da saukar waƙar har ma'ana ta jirkita. Hanyar da ta fi ita ce a fara ƙirga gaɓoɓin kowane layi, a sa alama a kan dogaye da gajeru, sannan a nemi jimlar Hausa da ta hau wannan ma'auni ko da ba kalma da kalma ta bi ba. Masu tafiya a hankali sun fi karɓar wannan aiki. Masu gudu, waɗanda bugunsu ke rataye da baƙaƙen Turancin, gara a bar su yadda suke.

Game da izini, tsohon karin na kowa ne, amma tsarin Dawson yana da mai shi. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar kiɗa yana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubuci, shi kuwa a 1990 ya rasu. Fassara ko sauya tsarinsa don bugawa ko naɗa yana buƙatar izinin mawallafi. Shi da kansa ya riƙa buga yawancinsu a Tuskegee, kuma a yau kamfanin Neil A. Kjos ne ke sayar da da yawa daga ciki. Takardun simfonin kuwa haya ake ba okestra.

17. Wane faifan simfonin ya kamata in fara nema?

Akwai huɗu da aka fi sani. Na Stokowski da American Symphony Orchestra, wanda aka naɗa a 1963, shi ne na farko, kuma yana da zafin wanda ya san aikin tun asali, ko da yake sautin naɗin ya tsufa. Na Neeme Järvi da Okestrar Detroit ya fito a farkon shekarun 1990. Na Arthur Fagen da okestrar rediyon Biyana ya fito a kamfanin Naxos a 2020, daidai lokacin da okestroci suka fara waiwayar ayyukan Baƙar fata, kuma ya taimaka wajen dawo da sunan. Na Yannick Nézet-Séguin da Okestrar Filadelfiya, wadda ta fara kaɗa ta, ya fito a 2023 tare da simfoni ta huɗu ta Florence Price. Sabon mai sauraro ya fara da na 2023 saboda tsabtar sauti, da abin sawa a kunne mai kyau, domin lasifikar waya tana cinye ƙarshen kashi na biyu gaba ɗaya. Daga baya ya koma na 1963 ya kwatanta saurin da kowannensu ya ɗauka.

18. Ina mai bincike zai sami takardunsa?

Suna ɗakin karatu na Rose a Jami'ar Emory da ke Atlanta, jihar Jojiya. Tarin ya ƙunshi wasiƙu, rubuce-rubucen kiɗa na hannunsa, hotuna, takardun shirye-shiryen kwaya, da naɗe-naɗen sauti, har da na tafiyarsa ta Afirka ta Yamma da aka ambata a tambaya ta 9. Kabarinsa yana harabar Jami'ar Tuskegee.